Motar Alhamis da Darakta Momchil

Akwai wani mutum a Bulgeriya mai suna Momchil Terziev. Da aikin jarida ya fara, a zamanin da ake buga labari da tafireta, a wani ɗan ofis mai warin tawada da kofi. Editansa, Kawu Genadi, doka ɗaya gare shi: abin da ƙafarka ba ta taka ba, kada alƙalaminka ya taɓa.

Momchil ya yi suna, ya shiga majalisa, daga baya ya zama daraktan sufuri na lardi. Tumbi ya fito, takalmi ya daina ganin laka.

Wata rana aka kawo masa takarda: a soke motar da ke hawa ƙauyukan kan dutse ranar Alhamis, wai ba mai shiga. Ya ɗauki biro ke nan sai ga Kawu Genadi, ya tsufa tukuf, ya shigo gaisuwa. Ya leƙa takardar.

"Ka je ka gani?"

"Kawu, ai rahoto ya nuna..."

"Rahoto! Kai da kake bin akuya har gona don labari? Ko kujerar ce ta riƙe maka wando?"

Kunya ta kama Momchil. Ranar Alhamis ya shiga motar. Tsofaffi goma sha ɗaya ya tarar, da kwandunan cuku da tattasai, yawancinsu asibiti za su. Wata tsohuwa ta miƙa masa burodi.

"Ci, ɗana. An ce wani ƙato a birni zai kashe mana motar. Allah ya sa yana da uwa."

Momchil ya koma ofis.

Ya ƙi sa hannu a takardar. Manya suka fusata, aka mayar da shi ɗakin ajiye tsofaffin fayil har ya yi ritaya. Ba jaridar da ta ko ambata. Amma motar ta ci gaba da hawa.

Yau Momchil ya haura tamanin, yana zaune a ɗaya daga ƙauyukan nan, gwiwa ta ƙi. Duk Alhamis motar ce ke kai shi ganin likita. Direban kan tsaya a ƙofarsa ya leƙo:

"Darakta, taka a hankali. Ba inda za mu ba kai."

Darasi: Kafin ka yanke hukunci a kan rayuwar mutane, tashi ka je ka gan su da idonka. Alherin da ka tsare wa wasu, wata rana kai zai ɗauka. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da biron ofis.