Hawainiya a Filin Ƙwallon Gora

Ga ta nan ta iso muku!

Ta zauna mu ji ta.

Ana ƙwallon gora tsakanin ɗaliban Tudu masu jar riga da na Fadama masu koriya. Kunkuru tsohon masoyin Fadama ne, a ci su ko su ci. Shi da Hawainiya suka zo kallo.

Tudu suka zura ƙwallo, Hawainiya ta koma ja.

Kunkuru ya ce, "Ke, ba tare muka zo ba?"

Ta ce, "Baba, zafin rana ne."

Fadama suka farke, ta koma koriya. "Na samu inuwa!"

Aka tashi kunnen doki, ta maƙale rabi ja rabi kore. Kowane ɓangare ya dafa shinkafa, kowa ya ce wa Hawainiya ta tafi wancan ɓangaren. Kunkuru ya ci ya yi nak. Ita kuwa har yau in ta ɗaga ƙafa, sai ta tsaya shawara.

Ƙurunƙus kan kusu mai gora.