Ƙwaryar da Aka Mayar wa Gwauruwa

Akwai wata tsohuwar gwauruwa wadda ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu tun tana amarya. Ran wata Laraba da la'asar ta buɗe baki za ta tayar da waƙa, murya ta ƙi fita. Aka yi magani, ba ta dawo ba. Wata ta karɓi waƙar, ita kuwa ta koma bencin baya. 'Ya'yanta suna birni, gona ta fi ƙarfinta. Me kuma za ta ba Ubangiji?

Wata rana wuƙarta ta yi zafi a bakin murhu, ta taɓa ƙwarya, ta bar baƙin layi. Ta dubi layin, ta ƙara wani. Ba ta taɓa zane ba. Ta ɓata ƙore da yawa, ta ƙona yatsu, amma kafin lokacin kaka, ta zana makiyayi saɓe da tunkiya a jikin wata ƙwarya.

Ranar godiyar kaka kowa ya kawo amfanin gonarsa, ita kuwa ta kawo ƙwaryar da ta zana. Al'adar wurin kuwa, a juye abin da ke cikin mazubi a mayar wa mai shi. Dattijon da ke karɓa ya leƙa ƙwaryarta, ya yi dariya.

"Iya, kin manto hatsin a gida! Ko kaji sun riga mu?"

Ta motsa baki, ƙarar ganga ta danne maganar. Ya miƙo mata ƙwaryar. Ta koma gida ita kaɗai, tana cewa a ranta, "Ya Ubangiji, har kai ma ka mayar?"

Kashegari maƙwabciyarta, wadda ɗanta ya bar gida ba labari, ta shigo aron ƙwarya. Ta ɗauki mai zanen, ta yi ta juya ta a hannu.

"Iya, wane ne wannan? Me ya hana shi koro tunkiyar da sanda?"

"Ɓata ta yi, ya je ya nemo ta. Matso, muryata ba ta kai nan."

Matar ta matso har kafaɗunsu suka haɗu.

Ma'anar misalin nan ke nan: muryar ita ce baiwar da ka saba hidima da ita, tana iya ƙarewa. Zanen kuwa baiwa ce da Allah ya ajiye maka sai da furfura ta fito. Dattijon mu ne, masu leƙa ciki muna neman abin da muka saba gani. Makiyayin shi ne Yesu. Idan mutane sun mayar maka da baikonka, kada ka ce Allah ya ƙi, mai yiwuwa ya aike shi inda ake bukatarsa ne.

Lahadin da ta biyo, mata biyu suka zauna a bencin baya.