Ƙwaryar Alƙali Mamuda

An yi wani sarki mai dazuzzuka biyu, na gabas da na yamma. Wata shekara ciwo ya faɗa wa barewa, sarki ya ji tsoron kada ya tsallaka zuwa shanun talakawa. Ya sa maharba suka kamo barewa ashirin daga kowane daji. A na gabas aka sami bakwai masu ciwo, a na yamma huɗu.

Galadima, wanda bakinsa ke riga tunaninsa, ya ce, “Ranka ya daɗe, bakwai ta fi huɗu. Gabas ce uwar cutar, a sa mata wuta.” Sarki ya yarda.

Jatau, sarkin bakan gabas, ya ji kamar an yanke masa hukuncin kisa. A dajin nan aka haife shi, a nan kuma kabarin ubansa yake. Ya faɗi gaban Alƙali Mamuda yana hawaye, ya ce, “Allah gafarta malam, ka cece mu.”

Alƙali ya shiga fada da ƙwarya da ’ya’yan tsamiya arba’in, ya ɗiga wa sha ɗaya farar ƙasa, ya ce su ne bareyi masu ciwo. Ya girgiza ƙwaryar, ya roƙi sarki ya rufe ido ya raba su gida biyu daidai. Aka duba masu farar ƙasa a kowane kashi, shida da biyar. Aka sake, bakwai da huɗu. Aka yi ta maimaitawa, har takwas da uku suka fito.

Alƙali ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ƙwaryar nan ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba, amma ga ta tana fifita wani gefe. Bambancin da sa’a kaɗai ke iya kawowa ba ya zama shaida. A kamo barewa da yawa tukuna, sannan a yi magana.”

Jikin sarki ya yi sanyi, ya ce maza a dakatar da wutar. Jatau ya fita da murna, yana ta godiya. Da ya kai ƙofar gari sai ya hangi hayaƙi ya turnuƙe gabas. Ashe Galadima, don neman yabo, tun da sassafe ya aika yaransa suka cinna wa dajin wuta.

Jatau ya zauna a ƙasa, ya aje bakansa, bai ƙara ɗaukarsa ba har ya koma ga Allah.

Shi ya sa masu hikima ke cewa a auna zato kafin a kunna wuta, domin gaskiyar da ta iso bayan toka, ihu ne bayan hari.