Gaɓar Yatsa Ɗaya a Kan Taswira

Akwai wani maɗinki a Ƙofar Jatau, cikin birnin Zazzau, ana ce masa Haisam. Aikin wuyan babbar riga yake yi, kuma ya iya, wannan ba mai musu. Matsalarsa guda ce: ba a gaya masa. Tun da ya sayi babbar waya ya koyi duba taswira kuwa, abin ya ƙaru. Ko lungun da aka haife shi zai shiga, sai ya zaro waya.

Matarsa Radiya malamar firamare ce. Ta taɓa cewa ya kawo ta nuna masa wani ɗan layi da ke ƙasan taswirar. Ya ce ta riƙe darasinta ta kai wa 'yan aji uku.

Ana nan cikin tsakiyar bazara aka yi rasuwa a wani ƙauye can bayan Kufena, mijin ƙanwar mahaifiyarsa. Dole Iya ta je gaisuwa, shi kuma ya raka ta. Iya tsohuwa ce, ga hawan jini. Haisam ɗanta na fari ne, kun kuma san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu na da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta doguwar magana da shi, balle ta kai masa kuka.

Sun bar kwalta ke nan, tayar adaidaita sahun da suka ɗauka ta fashe. Direban ya ce su zauna a inuwa ya je ya nemo mai faci. Haisam ya zaro waya. Ga ɗigon da ke nuna inda suke, ga sunan ƙauyen, tsakaninsu bai fi gaɓar yatsa ba. Shi kuwa a cikin birni, idan zai kai ɗinki, gaɓar yatsa a taswira daga shagonsa zuwa bakin masallaci ne.

Ya ce, "Iya, ai mun zo. Ga garin nan, mu taka kawai."

Iya ta dubi hanyar, ta gyara mayafinta, ta bi bayansa.

Suka miƙa. Rana ta take, ƙasa kamar an zuba garwashi. Gonaki duk a bushe, ba gida, ba rijiya, ba mai wucewa. Ko ruwa ba su riƙo ba. In ya hango bishiyoyi sai ya ce garin ne, in sun isa su tarar da kuka da ɗorawa kawai. Ya duba wayar, ɗigon kamar an kafe shi. Tsoro ya fara shigarsa, amma girman kai ya hana shi cewa su koma.

Ya waiwaya ya tambaye ta ko ta gaji. Ba ta dube shi ba, ta ce, "Mu je dai."

Can sai ya daina jin ƙarar silifas ɗinta. Ya juya. Iya na durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa. Kafin ya ƙarasa ta kife. Ya ɗago ta, ya ga bakinta ya karkace, idonta a buɗe amma ba shi take gani ba.

Jama'a, babu wanda zai so ya ga uwarsa a haka.

Ya ja ta gindin wata ɗorawa, ya kira Radiya. Ya ce ta turo yayanta Jibril da mota, shi kuma zai goya Iya ya ƙarasa garin tunda sun kusa. Radiya ta ce kada ya motsa ta. Ta ce ya duba ƙasan taswirar ta gefe, ya karanta mata abin da aka rubuta a kan ɗan layin nan.

Ya karanta. "Kilomita biyar."

"To layin da tazarar da ta rage muku, wanne ya fi tsawo?"

Ya ɗora yatsa. Ya ce mata kusan ɗaya suke.

Ta ce, "Innalillahi. Maigida, wannan layin shi ne ma'aunin. Duk tsawonsa a waya, kilomita biyar ne a ƙasa. A birni buɗe taswirar kake yi, shi ya sa gaɓar yatsa take zama lungu ɗaya. Yau ka tsuke ta don ka ga hanyar duka."

Gaskiya ta faɗa. Tun da safe ya tsuke ta, bai sake buɗewa ba.

Zaman jiran Jibril shi ne mafi tsawo a rayuwarsa. Ya cire hularsa yana yi mata fifita, yana kara kunne a ƙirjinta. Wani lokaci ya ji numfashi, wani lokaci shiru. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, wasu ma suka ɓace masa. Ya yi ta kiran Iya, ba amsa.

Allah Ya sa da sauran kwana. Jibril ya iso, aka kai ta asibiti, ta farfaɗo. Amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya ce da wuya ta sake takawa.

Dangi suka cika ɗakin. Kawunsa, cikin fushi, ya tambaya wane mara hankali ne ya sa tsohuwa tafiyar ƙasa a wannan rana. Haisam ya buɗe baki zai amsa. Iya ta ɗaga hannun da ke motsi. Da ƙyar maganar ke fita, kowa ya matso.

"Ni ce na matsa. Yaron nan ya ce mu jira, na ƙi."

Haisam ya fita waje, ya haɗa kai da bango, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Taswira ba ta ƙarya, amma ba a karanta ta sai da ma'auninta. Kafin ka ce wuri kusa ne, duba ɗan layin nan, don abin da yake gaɓar yatsa a waya yana iya zama tafiyar da za ta kayar da mutum. Kuma idan na kusa da kai ya ce zo in nuna maka, ka tsaya ka gani, domin sau da yawa wanda ya yarda da kai ne yake ɗaukar wahalar girman kanka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tafiya da tsofaffi da yara.