Alkamar da Ba a Rufe Ba

Injiniya, kamar yadda 'yan gidansu suke kiransa da tsokana, saurayi ne mai ƙwazo, amma gajen haƙuri ya yi masa yawa. Shekara bakwai ya yi a birni yana gyaran injin ban ruwa. Da ya dawo, kawunsa ya ba shi gonar bakin rafi ya noma alkama. Ya ce in ta yi kyau gonar ta zama tasa, in ba ta yi ba zai ba wani.

Ranar shuka, bayan an yafa iri a fangalolin da aka ja don riƙe ruwa, kawu ya ce a samo mutum uku su bi da manjagara su rufe shi da ƙasa. Injiniya ya yi dariya. Ya ce ladan mutum uku ya fi kuɗin rabin buhun iri, gara ya ƙara iri, tsuntsaye su ci nasu su bar masa nasa.

"Ɗana, ai ba tsuntsu kaɗai ake gudu ba," in ji kawu.

Bai tsaya jin sauran ba. Ya ƙara iri, ya tayar da inji, ya saki ruwa da ƙarfi don ya gama da wuri. Ruwan ya kwashe ƙwayar da ke kwance a fili, ya tara ta a ƙarshen kowane fangali. Ragowar kuwa kurciyoyi suka tsince.

Bayan sati biyu alkama ta fito cunkus a gefe guda, sauran wurin fayau. Ciyawa ta samu fili ta baje. Yayarsa ta leƙo gonar, ta tambaye shi ko kiwon awaki zai fara. Sau biyu yana sayen maganin feshi, amma ciyawar ta riga ta ƙosa. Daga ƙarshe mutum shida ya ɗauka, suka yi kwana huɗu suna cira da hannu, suna tattake alkamar.

Da girbi, buhu huɗu ya samu a inda aka saba samun goma sha biyar. Kawu ya zagaya buhunan, bai yi faɗa ba.

"Ka kwashe kayanka daga bukkar gona kafin sati," ya ce. "Surukina zai karɓe ta."

Darasin shi ne, ƙaramin aikin da aka tsallake a farko don a rage kashe kuɗi yakan dawo ya ci ninkinsa. Kuma in wanda ya daɗe a sana'a ya fara yi maka bayani, ka bari ya kai ƙarshe.