Lafiya Lau Ɗin Zomo

Barmani, Gambo, ku ajiye wayoyin nan ku matso, girma bai hana jin tatsuniya. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Zomo ne makaɗin gayya a garin dabbobi. In ya rataya ganga, ko rago sai ya ɗauki fartanya. Wata damina sai ya shige ɗaki, shiru. Tsohuwa Bushiya, maƙwabciyarsa, ta zuba ido.

Kura ta tsaya bakin ƙofa: "Zomo, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta wuce. Biri ya zo, lafiya lau, ya wuce. Gizo ya zo, lafiya lau, ya sunkuci tuwon da aka ajiye wa Zomo: "To, kada ya yi tsami."

Sati biyu suka wuce, gara ta kama ganga. Bushiya ta tura ƙofa ta shiga, ta tarar da shi ya rame.

"Lafiya lau, Iya."

"Ajiye wa Kura wannan. Yaushe rabonka da barci?"

"Na manta."

"Abinci fa? Kiɗa fa?"

"Komai ya fita raina. Ni kaya ne kawai a kanku. Da ma ban wayi gari ba."

Bushiya ta zauna kusa da shi. Gizo ya leƙo: "Iskoki ne, ina da turare."

Bushiya ta ce, "Kai da ka cinye tuwonsa? Duƙa ka goya shi."

Haka Gizo ya yi ta nishi har asibitin Zalɓe. Zalɓe ya saurari Zomo, ya ce, "Ciwon damuwa ne. Ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba, ciwo ne kamar zazzaɓi, kuma yana da magani. Gara da kuka zo yau."

Ya ba shi magani, ya ce ya riƙa zuwa suna magana. A hankali barci ya dawo, sannan cin abinci. Ranar girbi Bushiya na tankaɗe ta jiyo ganga. Ta ajiye rariya, ta sauke numfashi.

Gaisuwar bakin ƙofa ba ta gano ciwo, sai an shiga an zauna. Ƙungurus kan kusu, na sauke.

To, ƙaninku Tanimu sati uku ke nan bai buɗe shagon ɗinkinsa ba, kullum lafiya lau. Na shiga, na ji da kunnena. Ku daidaita tsakaninku yanzu: wa zai kai shi asibiti yau?