Rantsuwar Musaddiƙ a Garejin Toma

Musaddiƙ direba ne a Kazaure, mutum mai kirki in ba a taɓa shi ba, sai dai Allah ya yi shi da saurin rantsuwa. Abu kaɗan sai ka ji wallahi tallahi. In kuwa magana ta fita daga bakinsa, gara ya kwana da yunwa da a ce ya janye ta.

Gonarsa ta gado ya sayar ya sayi wata tsohuwar mota, ita ce cinsa, ita ce shansa. Kullum da safe yakan je rugagen wajen Roni ya kwaso mata masu tallar nono, da yamma ya mayar da su. Ana nan sai motar ta fara shan baƙin mai. Ya cika yau, kafin mako ya zagayo ma'auni ya nuna ya yi ƙasa.

Ya kai ta wurin Toma, wani bakanike da ya daɗe a garin. Toma ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, bai ga ɗigo ba, ya ce ashe man ba zuba yake yi ba, ƙonewa yake a cikin inji. Ya tambaya ko shuɗin hayaƙin da motar ke yi da safe yake fita in an tayar da ita, ko sai tana hawan tudu. Ya ce in robobin bawul ne suka bushe, aikin yini ne, in kuwa ringi ne suka cinye, sai an sauke inji, amma sai ya auna tukuna. Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Sai tsokana ta ɗebe shi, ya ce a gaban direbobin da ke zaune a benci, "Malam Musaddiƙ, wanda ya sayar maka da wannan ya riga ka tashi da asuba."

Aka kwashe da dariya. Musaddiƙ ya maka murfin inji, ya rantse da Allah cewa babu bakaniken da zai ƙara buɗe motarsa, na garin nan ko na wani gari.

Daga ranar ya shiga kurkukun da ya gina da bakinsa. Ya sayi galan na baƙin mai ya ɓoye a but ɗin motar, yana ƙara mai a bayan duwatsu inda ba mai ganinsa. Ya koma zuba mai mai kauri don hayaƙin ya ragu, bai ragu ba. Motar ta rage ƙarfi, fasinjojin baya suna toshe hanci da gefen mayafi. Kullum hanya sai ta bi da shi ta ƙofar garejin, Toma ya ɗaga masa hannu, shi kuwa ya kau da kai, zuciyarsa tana ƙuna. Wata rana har ya rage gudu zai ratse, sai ya hango benci cike, ya wuce.

Matarsa Zubaida ta tuna masa cewa addini bai ɗaure shi ba, rantsuwa irin wannan ana karya ta a yi kaffara. "Baban Sadiyya, miskinai goma ne fa. Ni zan tuƙa tuwon, kai dai ka kai motar."

Ya ce zai duba. Ya san gaskiyarta, amma ba kaffarar ce ta gagare shi ba, bakin direbobin tasha yake tsoro.

Wata safiya yana dawowa daga Roni, mota cike da mata da ƙoren nono, jar fitilar mai ta kama. Ya tsaya ya jijjiga galan, ba komai a ciki. Ya ce bari ya lallaɓa, ai gari ya kusa. A tsakiyar hawa ya ji ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, injin ya buga.

Matan suka sauko, kowacce ta ɗora ƙwaryarta a ka, rana tana ta ɗagawa. Inna Shatu, babbarsu, ta dube shi da tausayi. "Ɗan nan, kunyarka ce ta sa muka daɗe muna shaƙar hayaƙin nan. Daga gobe za mu nemi mai keke."

Bai da halin sayen wani injin, dole ya sayar wa 'yan gwangwan motar. Yana tsaye suka farfasa ta da guduma. Ɗayansu ya ɗago fistin ya juya, ya ce ringin nan ai da sauransu. Sannan ya murza wata 'yar baƙar roba a tsakanin yatsunsa, ta rugurguje, ya ce wannan robar bawul ɗin ce ta mutu tun farko. Musaddiƙ ya zauna a ƙasa. Gonar ubansa ke nan ake lodawa a kura, guntu-guntu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mutum ya yanke hukunci yana cikin fushi, in kuma ya yanke ya ga kuskure ne, ya janye tun da wuri. Matsala ba ta warkewa don an ɓoye ta, a nemi sanadinta tun tana ƙarama. Dariyar mutane ta yini ɗaya ce, amma asarar da girman kai ke jawowa mai ita kaɗai take zama da shi.